Maigidanmu da ya koya mana rawa ya rasu: me za a ce ya bari?

Ɗan_Bakaro
Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau kwana tara ke nan da muka kai mutumin da ya koya mini rawa makwancinsa a nan Bauchi. Ba zan faɗi sunansa ba saboda ban nemi izinin iyalinsa ba, amma duk wanda ya taso a cikin gari ya san zauren nan da ake jin cakansami, abin nan mai kacau-kacau da 'yan rawa ke ɗaurawa a ƙafa, yana tashi bayan La'asar. Mu dai Maigida muke ce masa.

Ga abin da ya hana ni barci. A wurin zaman makoki wani dattijo, kuma na san da zuciya ɗaya ya faɗa, ya ce, "Allah sarki, bawan Allah bai bar komai ba." In dukiya ake nufi, gaskiyarsa. Gida ne mai ɗaki uku, kalangu biyu, duman girke, buhu guda na cakansami da akayau, sai wani tsohon akwatin ƙarfe cike da kayan wasa da takardun yabo da ƙwari suka fara ci. Amma mutumin nan ya haura shekara arba'in yana rawa, kusan talatin daga ciki yana koyarwa a zauren gidansa. Ni da abin da ya zuba mini a ƙafa nake ciyar da 'ya'ya huɗu.

To ina tambaya: wanda ya ƙarar da rayuwarsa wajen koyar da rawa, za a ce ya bar gado kamar yadda ake faɗa wa malamin makaranta ko maƙerin da ya yaye yara? Ko kuwa abin ya bi shi kabari?

Ummu_Haidar
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya ba ku haƙurin rashi.

Na_Kofar_Ran
Na gane wanda kake nufi tun daga layi na biyu. Shi ne ya kawo yara bikin yayata. Har yau in an yi zancen bikin, ba abincin ake tunawa ba, rawar koroson nan ake tunawa. Allah ya gafarta masa.

Malam_Na_Yelwa
Allah ya jiƙan musulmi. Amma Ɗan_Bakaro, tunda tambaya ka yi, bari in ba ka amsa ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Abin da ke bin mutum kabari an faɗa mana shi: sadaka mai gudana, ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Ni a fahimtata rawa ba ta shiga cikin ilimin da ake nufi ba. Ku yi masa addu'a, ku yi masa sadaka, in yana da bashi ku biya. Wannan ya fi masa amfani a yanzu fiye da a ce ya bar takun rawa.

Ɗan_Bakaro
Allah ya gafarta Malam, addu'a kam muna yi, bashi kuma an bincika, kuɗin wani mai shago ne kaɗai kuma an biya tun kafin a fita da shi. Ban ce rawa ce za ta cece shi ba. Tambayata a kan abin da ya bari a nan duniya ne, a hannunmu.

Gimbiyar_Jekadafari
Bari in sa baki, don ni ɗalibarsa ce, ko da yake yanzu aure ya kai ni Gombe.

Ina aji biyu a sakandare aka kawo shi makarantarmu ya shirya mu don ranar al'adu. Da aka gama na ce wa mahaifiyata ina so in ci gaba. Babana ya ce ko kusa, 'yarsa ba za ta zama maroƙiya ba. Ba zan manta ba, Maigida da kansa ya zo ƙofar gidanmu bayan Isha'i, ya tuɓe takalmi tun daga bakin zaure, ya durƙusa ya gaida Baba duk da kusan sa'o'in juna ne. Ya ce masa abu uku: 'yan mata a cikin gida suke atisaye a hannun matarsa, ba sa haɗuwa da samari, kafin a kira Magariba kowace tana gidan ubanta, kuma ba zai taɓa kai 'yar wani gidan gala ko wasan dare ba. Ya ce ranar da aka saɓa ɗaya daga ciki, Baba ya zo ya ɗauke 'yarsa ya kuma tsine masa. Shekara biyar na yi, ba a taɓa saɓawa ba.

A wurin Inna, matarsa, na koyi waƙoƙin gaɗa da tafinsu, irin wanda iyayenmu suka yi a dandali da farin wata, mu kuwa muka taso ya riga ya mutu a unguwarmu. Yau ni nake koya wa 'yan mata a makarantu biyu a nan Gombe. Yarinyar da ba ta iya ɗaga kai ta yi magana a aji, ka sa ta a tsakiyar da'ira ta ba da waƙa ana amsa mata, bayan wata biyu malamanta suna tambaya me aka yi mata. Malam_Na_Yelwa, ban isa in yi jayayya da kai a kan addini ba, amma wannan ni a idona amfani ne.

Malam_Na_Yelwa
'Yar'uwa, in haka ya tsare, ya kyauta, kuma Allah ya saka masa. Abin da malamai suka fi tsananta a kai shi ne cakuɗuwar maza da mata da abin da ke biyo baya. Sai dai ki yarda da ni, ba kowa ne ke tsarewa haka ba.

Abu_Sumayya
Malam, ai ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa mutanen Habasha sun yi wasa da masu a masallaci ranar Idi, Nana A'isha tana kallo ta bayan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ba duk motsa jiki a gaban jama'a ne abin ƙi ba.

Malam_Na_Yelwa
Hadisin ingantacce ne. Amma wasan makamai ne, ba rawar biki da kalangu ba. Kada mu ɗora wa nassi abin da bai ɗauka ba. Na tsaya nan, don ba na so zaren ta'aziyya ya koma fagen fatawa.

Tsohon_Makaɗi
Yara, ku bari in yi magana, ɗana ne ke rubuta mini. Shekara ashirin da wani abu ni ne na riƙe masa kalangu.

Abin da ba ku sani ba, ku da kuka zo daga baya, shi ne yadda ya fara. Ba gadon gidansu ba ne, ubansa manomi ne. Yana yaro yake bin 'yan hoto, masu cilla garma sama su cafe, har ya iya. A 1977 ya bi ayarin mutanenmu zuwa Kaduna lokacin hawan daba na Festac, bikin al'adun baƙar fata na duniya. Ya sha gaya mini a can ne idonsa ya buɗe, ya ga ashe abin da ake yi a ƙauye don nishaɗi ana iya tsara shi, a jera mutum ashirin su ɗaga ƙafa lokaci guda kamar mutum ɗaya. Ya dawo bai sake zama ba. Duk inda ya ji ana wasa sai ya je, ya zauna gefe ya kalli ƙafa, ba ya kallon fuska.

Koyarwarsa kuwa, wanda bai gani ba ba zai yarda ba. Sabon yaro sai ya yi wata uku bai yi juyi ko ɗaya ba. Tafiya kawai, daga wannan bango zuwa wancan, a kan kiɗa. Kuma ba na fara kaɗawa sai ya gama yi musu kiɗan da baki, su maimaita da baki, sannan ƙafa ta ɗauka. Yana cewa wanda bakinsa bai riƙe kiɗa ba, ƙafarsa ƙarya take yi. In an ɗaura cakansami, sai ya jawo kujerarsa ya juya musu baya, yana fuskantar bango. Yara goma sha biyu suna taku, shi yana kallon bango. Can sai ka ji ya ɗaga hannu: "Na uku daga hagu, ƙafar dama tana makara." Wallahi ban taɓa ganin ya kuskure ba. Da kunne yake gani.

Wanda ya ce bai bar komai ba, bai taɓa zama a zauren nan ba.

Ɗan_Bakaro
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ni ne na ukun nan daga hagu sau ba adadi. Na karanta wannan hawaye na zuba.

Bafulatanin_Dukku
Baba Tsohon_Makaɗi, ashe ba a Legas aka yi Festac ba? Na ji ka ce Kaduna.

Mai_Tarihi_77
Duka biyun daidai ne. Babban bikin a Legas aka yi, daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu 1977, amma hawan daba a Kaduna aka yi shi. A lokacin jihar Bauchi ba ta fi shekara ɗaya da kafuwa ba, tunda a 1976 aka ƙirƙiro ta, kuma Gombe tana cikinta har zuwa 1 ga Oktoba 1996. Shi ya sa tsofaffin 'yan wasan Gombe da na Bauchi duk sun san juna, tawaga ɗaya suka yi.

Wani abin kuma, mutane irin su marigayin ba daga sama suka faɗo ba. Bikin al'adu na ƙasa da ake kira NAFEST tun 1970 aka fara shi, bayan yaƙin basasa, don a sake haɗa kan jama'a. Jihohi suka riƙa neman 'yan rawa da makaɗa da za su wakilce su, daga nan rawa ta zama aikin da ake ɗaukar mutum a kansa. Tawagar wasanni ta ƙasa ma fitaccen ɗan wasan kwaikwayon nan Hubert Ogunde ne ya fara tattara ta kafin rasuwarsa a 1990, aka kafa ta da doka a 1991.

Sarkin_Taku
Ni ma yaronsa ne, kuma zan faɗi abin da wasu ba za su so ji ba. Ina ƙaunarsa, ni na shiga kabarinsa na karɓe shi tare da 'ya'yansa. Amma in abin nan ya mutu, da hannunsa a ciki.

Sau nawa muka roƙe shi a ɗauki atisaye a bidiyo? Tun zamanin kaset muke roƙo, har aka zo zamanin waya. Ya ƙi. Duk wanda ya ɗaga waya a zaure, ranar ya gama atisaye. Sannan akwai taku da ya riƙe bai sake su ba. Akwai wani juyi da yake yi a rawar maharba, ya faɗi ƙasa da kafaɗa ya tashi da baka a ɗane, ni da idona na gani sau uku kacal. Na ce ya koya mini, ya ce ban nuna ba tukuna. Shekara goma sha ɗaya ina wurinsa ban nuna ba? Yanzu ga shi an binne juyin tare da shi. Irin wannan riƙon ne ya cinye mana magungunan gargajiya da saƙa da jima, kowane tsoho ya tafi da nasa.

Gimbiyar_Jekadafari
Yaya Sarkin_Taku, maganar bidiyo na yarda da kai. Amma ka san dalilinsa. Ya ce wanda ya koya daga hoto siffar yake ɗauka, ba ya ɗaukar kunnen. Kuma ka tuna abin da ya faru da aka ɗauki wasanmu a wani biki, bayan 'yan watanni muka ga takunmu a wani faifai, wasu sun sa kaya masu ƙyalli suna yi, ko sannu ba a ce masa ba.

Tsohon_Makaɗi
Juyin maharban da kake faɗa, ɗana, a kansa ya goce kafaɗa har sau biyu. Wani yaro da ya koya wa kafin zuwanka ya karye a wuyan hannu, uban yaron ya zo har gida ya yi masa tas. Tun ranar ya rantse ba zai sake ba wani ba. Ba rowa ba ce. Ya kamata ya gaya maka gaskiya maimakon ya ce ba ka nuna ba, wannan kam na yarda ya yi kuskure.

Sarkin_Taku
Baba, ban taɓa jin wannan ba sai yau. Allah ya yafe mini zaton da na yi. Amma maganar bidiyo tana nan.

Nas_Fadaman_Mada
Tunda an taɓo rauni, ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma na san gidan. Shekarunsa na ƙarshe a kan kujera yake salla saboda gwiwa. Daɓen siminti ne a zauren, kuma ba takalmi ake rawa. Duk dirar da mutum ya yi, siminti ba ya karɓar komai, gwiwa da ƙugu da gadon baya ne ke shanyewa. Shekara talatin ana haka, gurunguntsin gwiwa sai ya cinye. Wuraren koyon rawa na zamani katako suke shimfiɗawa a kan wani abu mai ɗan lotsawa saboda wannan dalilin. Iyayenmu da suka yi a dandali kuwa a kan ƙasa da rairayi suka yi, ta fi siminti sauƙi nesa ba kusa ba. Duk wanda zai ci gaba da koyarwa a cikinku, don Allah ya fitar da yara tsakar gida a kan ƙasa, ko a haɗa kuɗi a sa katako.

Ɗan_Bogoro
Allah ya ba ku haƙuri. Ni tambayata daban ce. Me ya sa duk wanda ya buɗe wurin koyon rawa a Bauchi koroso yake fara koyarwa? Koroso ai ta Kano ce. Ina rawar Zaar, ina ta Jarawa, ina ta Gerawa da aka kafa garin a ƙasarsu? Mu a wurinmu ba mu da zauren koyo, yaro a bikin Lemb Zaar yake gani ya shiga layi bayan yayyensa. Amma yaranmu da aka haifa a birni ba sa samun wannan. In an je gasa a tura koroso da sunan Bauchi, ni abin yana yi mini ciwo.

Bakanon_Wunti
To ai koroso ba ta hana kowa tasa ba. Ta yi farin jini ne saboda an tsara ta don dandamali: ga sarewa, ga lalajo, ga duman girke, ga wasan motsa jiki bibbiyu da ke sa 'yan kallo ihu. Ku tsara taku haka ku gani in ba a karɓa ba.

Ɗan_Bakaro
Ɗan_Bogoro, a nan kam zan kare Maigida. Koroso ita ce mai kawo kuɗin biki, shi ya sa kowa ya san mu da ita. Amma duk shekara bayan kaka sai ya ɗauki manyan yaransa mu tafi ƙauye. Na bi shi Dass, na bi shi Tafawa Ɓalewa, na bi shi har Kaltungo. Ba ya zuwa a matsayin malami. Goro yake kaiwa, ya zauna a ƙasa, ya ce a koya masa. Kuma yana da doka: rawar da mutanen gari suka ce ta ibadarsu ce ko ta makoki, ba ma ɗauka. Wadda suka ba mu, in za mu yi ta a taro sai sanƙira ya faɗi sunan garin da masu ita kafin a buga kiɗa.

'Yar_Billiri
Wannan dokar ta burge ni. Na sha ganin an ɗauki rawar Tangale an sa mata kayan da ba namu ba, an kira ta "rawar gargajiya" kawai kamar ba ta da iyaye. Wanda yake so ya ga ta gaskiya ya zo bikin Pissi Tangale. Kuma a Gombe kaɗai ga Waja, ga Tera, ga Tula, ga Bolewa, kowa da takunsa. Mutum ɗaya ba zai iya riƙe duka ba ko da ya shekara ɗari.

Matashi_2004
Ni fa gani nake zamani ne ya wuce wurin. Yanzu a TikTok yaro zai koyi rawa cikin kwana biyu, ya samu mabiya dubbai. Wa zai yarda ya yi wata uku yana tafiya daga bango zuwa bango? A Legas ku dubi 'yar rawar nan Kaffy, ita da tawagarta suka kafa tarihin Guinness a 2006 da rawar awa 55 da minti 40, ta mayar da abin kamfani, ana biyanta ana girmama ta. Mu a nan sai mutum ya tsufa a zaure a ce bai bar komai ba. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Tsohon_Makaɗi
Yaro, karin maganar da ka kawo tamu ce, kuma ba haka take nufi a wurinmu ba. Kiɗa yana canzawa ne saboda makaɗi yana kallon ƙafar mai rawa. In na ga ya gaji sai in sassauta tsarkiya a hammata in ja kiɗan ƙasa ya huta. In na ga jininsa ya hau sai in matse, in kira takensa, ya amsa mini da ƙafa. Magana muke yi ni da shi, jama'a suna saurare. Na'urar di-je ba ta ganin kowa. Ita ce ta kashe mana kasuwa: mai biki ya ga da kuɗin da zai sallami makaɗa biyar da 'yan rawa goma gara ya ɗauko yaro ɗaya da lasifika. Ban ce ku bar wayoyinku ba. Na ce abin da kuke koya a ciki rabi ne.

Hajiya_Mai_Atamfa
Gaskiya Baba ya faɗa, kuma mu masu biki da laifinmu. Bikin 'yata na fari 'yan koroso na kira, na biyu di-je. Ba don na fi son sa ba, lissafi ne ya sa. Amma liƙin da aka yi a na farkon ya ninka, don mutane sun ga abin da ya motsa su.

Sarkin_Taku
Tunda an zo maganar kuɗi, Matashi_2004, bari ka ji yadda ake tsufa a zaure. Akwai shekarar da wani ofis ya kira mu mu wakilta a wani taro a Abuja. Muka yi sati uku muna atisaye safe da yamma. Muka je, muka yi, aka tafa, aka ɗauki hoto da manya. Kuɗin sallama aka ce sai an dawo. Muka dawo, aka ce sai an sa hannu. Maigida ya yi ta sintiri har takalminsa ya cinye. Da azumi ya matso ya ga yara ba su da na cefane, sai ya sayar da babur ɗinsa ya raba mana, ya ce an biya. Sai bayan shekara biyu muka gane ba a biya ba, da muka ga har lokacin a ƙasa yake zuwa ko'ina. Wanda ya ce bai bar dukiya ba, to ga inda dukiyar ta tafi.

Ummu_Haidar
Allahu akbar. Malam_Na_Yelwa, wannan fa?

Malam_Na_Yelwa
Wannan sadaka ce tsantsa, kuma ɓoyayya, irin wadda aka fi so. Allah ya sa ya tarar da ita a mizani. Ban taɓa cewa mutumin banza ba ne. Matsayina a kan kiɗa bai canza ba, amma mutumin da ya sayar da abin hawansa don yaran wasu su yi sahur, ina roƙon Allah ya sa mu cika da irin wannan hali.

Kofa_Mai_Hidima
Ni baƙo ne a Bauchi, hidimar ƙasa ta kawo ni. A sansanin Wailo wani ɗalibinsa ne ya shirya rukuninmu don gasar al'adu. Cikinmu akwai waɗanda ko "sannu" ba su iya ba, amma cikin kwana goma ya sa muka yi takai da sanduna ba wanda ya bugi yatsan wani. Kuma da baki ya fara koya mana kiɗan, kamar yadda Baba ya faɗa a sama. Sai yanzu na san daga inda salon ya fito.

Ɗan_Bakaro
Na gode muku duka. Bari in dawo kan abin da ya sa na buɗe zaren, don akwai maganar da ban faɗa ba. Magada za su raba gida, kuma zauren yana ciki. Babban ɗansa ya kira ni jiya ya ce ba wanda zai ci gaba da sana'ar a cikinsu, ɗaya tela ne, ɗaya yana aikin gwamnati, matan suna gidajen mazajensu. Ya ce kayan kiɗan da buhun cakansami in muna so mu saya a sa kuɗin a cikin gado, in ba ma so za a kai kasuwa. Zauren kuma zai ba mu aro zuwa bayan Babbar Salla, daga nan za a mayar da shi shago.

Ban ga laifinsa ba, hakkinsu ne. Amma mu da muka ci moriyar wurin mun fi mutum ɗari in aka ƙirga. A waya na samu goma sha bakwai.

Gimbiyar_Jekadafari
Ka sa ni ta goma sha takwas. Kayan kada su je kasuwa, a faɗi kuɗinsu mu yi karo-karo. Cakansamin nan da hannunsa ya saƙa yawancinsu, da kaba da 'yan tsakuwa, yana zaune a bakin ƙofa da safe. Kowane da irin ƙararsa, shi ya sa yake gane mu da baya. Kuma kada a manta da Inna. Waƙoƙin gaɗan da ke kanta sun fi waɗanda ta koya mana yawa, tana nan da ranta, in ta fita takaba ya kamata a zauna da ita.

Sarkin_Taku
Akwai abin da na ɓoye. Bara, ranar da ya ji ɗan sauƙi ya tashi ya nuna wa ƙananan yara takun farko na koroso, na jingina wayata a taga na ɗauka bai sani ba. Minti goma sha ɗaya ne. Ana ganinsa yana dafa bango, amma ƙafar nan tana faɗa wa kiɗa daidai. Ban taɓa nuna wa kowa ba. Yanzu ban san ko in sake shi ba.

Matashi_2004
Ka sake shi mana! Ka ɗora a YouTube, duniya ta gani.

Gimbiyar_Jekadafari
A'a. Ya hana da bakinsa yana raye. A kai wa iyalinsa su gani tukuna, su suke da iko.

Malam_Na_Yelwa
Abin da aka ɗauka ba da izinin mutum ba amana ce a wuyanka. Ka fara neman yafiyar magadansa kafin komai.

Mai_Tarihi_77
Ni ina ganin a ajiye shi ko da ba za a watsa ba, a kwafe a wuri biyu ko uku. Waya tana faɗawa ruwa.

Ɗan_Bogoro
In za ku ci gaba da atisayen, ni zan kawo wani kawuna daga Bogoro ya nuna muku namu, da sharaɗin nan na marigayi: a faɗi sunan masu ita.

Tsohon_Makaɗi
Kalangu ɗaya fatarsa ta huje tun damina, ɗayan kuma tsarkiyarsa ta saki. Kafin ku yi maganar wuri ku kawo mini su in gyara, hannuna yana iya wannan har yanzu. Asabar bayan La'asar zan sa a kawo ni zauren. Wanda zai zo ya zo da ƙafarsa a wanke, kuma a yayyafa ruwa a tsakar gida, a ƙasa za a yi kamar yadda 'yar nan mai jinya ta ce. Sai dai ku yanke tun yanzu wanda zai zauna a kujerar ya juya baya, don ni makaɗi ne, ba ni ne zan zauna ba.

Ɗan_Bakaro
Yaya Sarkin_Taku ne babba a cikinmu.

Sarkin_Taku
Kunnena bai kai ba. Zan zo dai Asabar ɗin, zan taho da wayar in fara kai wa Inna. Ƙarfe nawa za a buɗe zauren?